Ɗan Farin Alhaji Tanko da Waƙar Tsani

Yaran nan 'yan bautar ƙasa da ke haya a gidana su suka tsokano ni. Ran nan ina zaune ina tsince wake, na ji ɗayansu yana gaya wa ɗan'uwansa wai shi ya dace, adabi aka ba shi ba lissafi ba. Wai adabi hutu ne: ka shiga aji, ka karanta waƙa, ka rubuta jigo a allo, ka fito ka sha iska. Na ajiye faifan na ce, "Ɗana, zo nan." Ya ce yana sauri. To, tunda su ba su da lokacin zama, ni Rifkatu ina da lokacin rubutu, kuma duk wanda zai ci waken nan sai ya karanta.

Ni 'yar Madakiya ce, kuma adabin Turanci na koyar a wata sakandare a Kafanchan har na yi furfura. Aikin farko da aka ba ni a makarantar ba koyarwa ba ne, shafa wa allo baƙi ne. Za a tattaro matattun batura, a fasa su da dutse, a kwaɓa baƙin garin da ruwa, a goga wa allon da tsumma. Ranar ko tuwo ka taɓa sai ya yi baƙi. Littafin waƙoƙi kuwa ƙwaya ɗaya ne a duk makarantar, yana kulle a durowar shugaba kamar maganin dafin maciji. Idan kana son yara su ga waƙa da idonsu, sai ka ranto littafin, ka zauna gaban tafireta ka buga ta a kan sitansil, takardar da ake ɗaura wa inji ya fitar da kwafe. Ka yi kuskuren harafi ɗaya, sai ka shafe shi da jan farce, ka hura ya bushe, ka sake bugawa. Jan farcena duk a nan ya ƙare, mijina har ya mutu yana zaton ban son kwalliya ne. Daga nan sai injin buga takardu mai hannu, wanda ake juyawa kamar injin markaɗe, rabin tawadar a takarda, rabi a zanenka.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon malami ne da muke kira Baba Dogo, almajirin Turawan mishan, mutum mai farin gajeren wando da doguwar safa. A wurinsa kowace waƙa abu huɗu gare ta: jigo, salo, yanayi da darasi. Na taɓa tambayarsa, "Baba, in waƙar ba ta da darasi fa?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sai ki sa mata. Masu jarrabawa ba sa son waƙa marar tarbiyya." Shi ya koya mini cewa in yaro ya yi tambayar da ban san amsarta ba, in yaba masa, in ba shi ita aikin gida. Amma akwai abu ɗaya da ya faɗa mini wanda ba wasa a ciki. Ya ce kafin in karanta wa aji waƙa, in san gidan da kowane yaro zai koma da ita.

Masu cinikinmu kuwa ba yaran ba ne, iyayensu ne, kuma babu wanda ya taɓa yin na'am da kayanmu. Manomi zai zo da fartanya a kafaɗa ya ce, "Malama, waƙa kuma? Ai a coci ana koya musu kyauta." Ɗan kasuwa zai ce, "To idan ya gama, maroƙi zai zama ke nan?" Malamin lissafi ana kai masa doya. Ni abin da aka fi kawo mini shi ne shawara.

A cikin waƙoƙin da aka sa wa 'yan ajin ƙarshe a wancan lokaci akwai wata da muke kira waƙar tsani. Wani Bature ne yake riƙe wa ɗansa tsani, yaron yana hawa zai tsinko tuffa. Da ya yi nisa sai ya ce wa uban ya sake, shi zai iya. Uban ya saki, ya shige ɗaki, ya tsaya a taga yana leƙe yana hawaye, kuma a kowane baiti sai ya ambaci sunan yaron. Shi ke nan waƙar. Kai da ka ce hutu ne, je ka karanta wa 'ya'yan Madakiya da Gwantu wannan. Tambayar farko, mece ce tuffa? Na ce su ɗauka mangwaro ne. Tambaya ta biyu, wane irin rago ne zai nemi tsani don ya hau mangwaro? Ta uku, uban ba shi da gona ne, da zai tsaya riƙon tsani da rana tsaka? Ta huɗu daga wani yaro mai suna Bulus ta fito, wanda ya ce shi bai ga abin kuka ba, tunda yaron bai faɗo ba. Duka na yaba musu, na ba su aikin gida.

Abokin Bulus, wanda suke zama benci ɗaya, shi ne Lawal, ɗan farin Alhaji Tanko mai sayen citta. Yaro ne marar surutu, amma in ya riƙe biro sai ka rasa inda za ka sa jan alƙalami. Shi kaɗai ya rubuta mini cewa uban ya shiga ɗaki ne don kada yaron ya waiwayo ya ga tsoro a fuskarsa, ƙafarsa ta yi rawa. Wannan ba ya cikin abu huɗu na Baba Dogo. Na sa a raina cewa ko ana ha-maza-ha-mata yaron nan sai ya rubuta jarrabawar fita, ya wuce jami'a a Zariya.

Sai shekarar tamanin da bakwai ta zo da rikicinta. Ba zan ba da labarinsa a nan ba, wanda ya gani ba ya son maimaitawa, wanda bai gani ba ya gode wa Allah. An rufe makarantu, da aka buɗe kuma jarrabawa ta matso. Yaran da suka dawo ba su kaɗai suka dawo ba. Kowane da uwarsa ko ubansa a bayansa. Su rako su da safe, su ƙi tafiya, su baje a gindin mangwaron da ke daura da ajina har a tashi. Wasu da tabarma, wasu da saƙa, maman Bulus har da tukunyar dafaffiyar gyaɗa tana ciniki. Alhaji Tanko ya sa aka kawo masa benci daga shagonsa, yana zama can gefe ya juya wa ajin baya, yana jan carbi. In an tambaye shi sai ya ce inuwar wurin ce ta yi masa. Ni kuwa ina ciki ina koyar da yadda uba ke sakin ɗansa, tagogin ajin cike da kawunan iyaye. Yaro ya yi tari, sai ka ji daga waje, "Na ce ka sa rigar sanyi!"

Ana cikin haka aka turo mana mai duba makarantu daga Kaduna. Bahaushe ne, ya san al'adun gida sarai, amma ya je kwas Ingila na 'yan watanni, ya dawo da jaka mai makulli da sabuwar hanyar koyarwa. Da ya ga taron gindin mangwaro sai idonsa ya yi haske. Ya ce wannan dama ce, a shigo da iyaye aji, kowa ya buɗe zuciyarsa a kan waƙar, a gaban 'ya'yansa. Baba Dogo ya ja shi gefe ya ce, "Yallaɓai, wasu zukatan a rufe suka fi lafiya." Mutumin Kaduna ya ce irin wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba. Shugaban makaranta kuwa, mutumin da ko ƙuda ya zo daga Kaduna sai ya miƙe masa, ya ce a kwaso bencuna.

Aka cika ajin, yara a gaba, iyaye a baya. Na fassara waƙar da Hausa baiti-baiti. Mai duba makarantu ya tafa hannu ya ce wa zai fara gaya mana yadda ya ji ranar da ya fara sakin ɗansa. Maman Bulus ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Yallabai, ni ban sake shi ba, na kore shi ne," in ji ta. "Yaro yana cin tuwo kaman mutum uku. Ranan da makaranta ya karɓe shi, na je coci na yi godiya. Wanan Bature da yake kuka, ina gani abinci ya yi yawa a gidan shi."

Aji ya ɗauki dariya, Bulus ya sa kansa a ƙarƙashin tebur. Wani dattijo daga Gwantu ya ce shi matsalarsa tsanin ne, wa ya ba yaro izinin ɗauka? Mai duba makarantu yana ta rubutu a littafinsa yana gyaɗa kai, ko me yake rubutawa oho. Sai ya hango Alhaji Tanko a can ƙarshen benci, kusa da ƙofa, ya tambaye ni wane ne ɗansa. Na yi kamar ban ji ba. Shugaba ya yi caraf ya nuna Lawal.

Mu a Madakiya ba ma kunyar ɗan fari kamar yadda Hausawan gari ke yi, amma na zauna da su na san nauyinta. Alhaji Tanko bai taɓa furta sunan Lawal ba tun ranar suna. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa yaba masa ba, in zai aike shi sai ya ce, "Kai, wane." Duk Kafanchan an san haka, har awakin kasuwa.

"Alhaji," in ji mai duba makarantu, "ga ɗanka nan. Ka kira sunansa kamar yadda mawaƙin ya yi, ka gaya masa abin da ke ranka."

Maman Bulus da kanta ta ce, "Kai, Yesu!" Lawal ya sunkuyar da kai. Alhaji ya miƙe a hankali, ya sa carbinsa a aljihu.

"Ranka ya daɗe, ni inuwa na zo sha," ya ce. "Akwai dai wani yaro a nan da ake cewa na gidanmu ne. Ban san sunansa ba."

Ya sa takalmansa ya fita. Mai duba makarantu ya girgiza kai, ya ce wa shugaba wannan shi ne irin uban da bai damu da ɗansa ba, kuma zai sa a rahoto. Ya ci shinkafar da aka dafa masa ya koma Kaduna. Washegari ba Lawal a aji, ba benci a gindin mangwaro. Bulus ya kawo mini labari cewa Alhaji ya ce an gama boko, makarantar da ake tsayar da dattijo gaban yara a ce ya zubar da kunyarsa ba makaranta ba ce. Lawal yana shagon citta yana ɗinkin buhu. Jarrabawa kuwa saura 'yan makonni. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci ranar.

Ga wani sashe na aikin da ba a koyarwa a kwalejin malamai. Na jira ranar da motocin Kachia suka sauke kaya, na yafa gyale na nufi shagon. Ƙamshin busasshiyar citta tun daga bakin layi yake shaƙe mutum. Lawal yana tsugune da basilla, da ya gan ni ya rasa inda zai sa idonsa. Alhaji ya ce, "Kai, wane, je ka gani ko an sauke sauran." Ya ba ni kujera. Muka gaisa, na tambayi kasuwa, na tambayi iyali, ban tambayi wanda na zo dominsa ba. In na ce "ɗanka", magana ta mutu a nan.

"Alhaji, shawara na zo nema," na ce. "Wani mutum ne a Gwantu ya cire yaro daga makaranta ana gab da jarrabawa. Yaron kuwa irin wanda malami ke samu sau ɗaya ne a rayuwarsa."

Ya ɗauki wata citta ya karya, ya duba cikinta.

"Wataƙila an ci wa mutumin mutunci ne."

"An ci. Wanda ya ci kuma yana Kaduna yana shan shayi. Yaron ne ke biya."

"Malama, wannan Baturen naku na cikin waƙa ba shi da kunya. Ɗanka na cikinka, ka yi ta rangaɗa sunansa kamar mai tallar goro? Kuma ba shi da hankali. Ka saki tsani ka shige ɗaki? In yaron ya faɗo, waƙar ce za ta ɗora shi?"

Na ce ban zo kare Bature ba. Ya jefa cittar a buhu. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, kuma ba ni yake kallo ba, sikeli yake kallo.

"Ni ma na san wani mutum," ya ce. "Ranar da gari ya rikice, yaron gidansu bai dawo ba. Ya fita nema ba hula, ba takalmi. Ko'ina iyaye ne suna gudu suna kiran 'ya'yansu, wannan na kiran Musa, wancan na kiran Talatu. Shi ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Wallahi ya gwada, Malama, ya ƙi fita. Sai ya tuna yaron yana da aboki da ba sa rabuwa. Sai ya bi layi-layi yana kiran Bulus, Bulus. Alhaji guda, a irin wannan rana, yana yawo yana kiran Bulus. Mutane suka ɗauka ya zautu."

Na ji idona ya ciko, na yi kamar citta ce ta shige ni.

"Ya same shi?"

"Ya same shi. A ƙarƙashin gadon uwar Bulus ɗin, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa da taɓarya a cinya. Tun ranar mutumin ya yi alkawari, inda idonsa ba ya kaiwa, yaron ba ya zuwa. Yanzu ku ce jarrabawa, gobe ku ce Zariya. A Zariya wa zai kira?"

Ashe zancen cin mutunci mayafi ne kawai. Mai duba makarantu bai cire Lawal daga aji ba, ƙofa kawai ya buɗe wa tsoron da ya daɗe yana neman hanya.

"Alhaji," na ce, "ranar da ta fi kowace rana hatsari a rayuwar yaron nan, idon mutumin yana kansa?"

"Ba ya kai."

"To wa ya tsare shi?"

"Allah ne ya tsare shi," ya faɗa da ɗan zafi.

"Haka ne. Da Allah, da wata mata mai taɓarya. Ni dai ban taɓa jin an ce Zariya ba ta da ko ɗaya daga cikinsu ba."

Ya dube ni, karo na farko tun da na zauna. Ya ce mu malaman waƙa baki gare mu kamar dillalai. Ya sa aka ɗaure mini citta a leda, ya ce in gai da maigida. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, na koma gida ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Ranar Litinin na shiga aji na tarar da Lawal a bencinsa, yatsunsa duk sukar basilla. Na leƙa gindin mangwaro, ba Alhaji, ba bencinsa. Maman Bulus ta ce mini ya rako yaron har kwanar makaranta, ya tsaya ya daɗe, sannan ya juya kasuwa yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Waƙar tsani ta fito a jarrabawa. Bulus ya rubuta cewa darasinta shi ne a riƙa mayar da tsani inda aka ɗauko shi, kuma ya ci, don masu jarrabawa suna son darasi. Lawal ya ci fiye da yadda na yi zato, aka kira shi Zariya. Na ci gaba da koyar da waƙar har cikin shekarun casa'in, da aka cire ta aka kawo wata a kan dusar ƙanƙara.

Ranar tafiyar Lawal jirgin ƙasan Fatakwal mai wucewa Kano zai hau. Na je tasha, Bulus da mamansa sun zo, ta cusa wa Lawal ƙullin gyaɗa a aljihu tana yi masa faɗa a kan wanka da ruwan sanyi. Ƙanin Alhaji ne ya ɗauko akwatin. An ce Alhaji ba zai zo ba, ba a raka ɗan fari. Sai ga shi can wajen ɗakin ajiyar kaya, wai ya zo duba wasu buhunan citta da za a loda. Ya juya wa jirgin baya, yana ta yi wa ɗan dako faɗa a kan ɗinkin da ba abin da ya same shi. Na je na gaishe shi, na tsaya kusa da shi ina fuskantar jirgin. Aka busa usur, taragai suka fara motsi.

"Malama," ya ce, idonsa a kan buhu, "fasinjojin nan duk sun sami wurin zama?"

"Sun samu, Alhaji. Wani ma a bakin taga."

"Na bakin tagar, gaba yake kallo?"

"A'a. Nan yake kallo."

Ya danna babban yatsansa a ɗinkin buhun har farcen ya yi fari.

"To ki ɗaga masa hannu."

Na ɗaga. Jirgin ya ja, tarago bayan tarago, har na daina rarrabe fuskoki. Hannuna ya gaji, na fara saukewa.

"Tukuna, Malama," ya ce. "Ina jin ƙararsa har yanzu."